Sista Gulma da Laifuffukan Rediyo

A ƙarshen doguwar barandar asibitin, in an wuce ɗakin gwajin jini da inda ake ajiye kekunan marasa lafiya, akwai wata ƙofa da ke maƙwabtaka da ɗakin wanki. Da can sito ne. Aka kwashe tsofaffin katifu da bokitai, aka sa kujeru biyu da ba su yi kama da juna ba, da ɗan tebur, da butar lantarki. Nan ne ofishin matar da ma'aikata ke kira Sista Gulma.

A jikin ƙofar an rubuta cewa mai ba da shawara ce ga waɗanda aka yi wa rasuwa. Masu shara ne suka raɗa mata wancan sunan, domin in suna goge baranda kunnensu kan kwashi abin da take tambayar mutane. Wai ita kaɗai ce aka ɗauka aiki don ta yi da matattu. Tana amsa sunan kuwa, ko a jikinta.

Safiyo bai san da wannan ba ranar da ya fara zuwa. Shi kunne ya kawo wa likita. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a awon filaye, har sunan aikin ya bi shi, ba ya faɗin abin da bai auna ba, saboda haka da ya ga wani abu ya ɓace masa sai ya nemi inda na'urar ta lalace. Likitan kunne ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya sa masa abin sauraro ya gwada shi da ƙara iri-iri.

"Kunnenka ya fi nawa lafiya," in ji likitan. "Me kake ji ne?"

"Abin da ba na ji ne ya kawo ni, likita. In na rufe ido ina iya jin muryar mahaifina, shi da ya daɗe a ƙasa. Har ta malaminmu na firamare ina ji. Ta 'yata ce na nema na rasa."

Likitan ya ajiye fitilarsa. Bai rubuta magani ba. Ya taso da kansa ya raka shi har ƙofar da ke kusa da ɗakin wanki.

Gajeriyar mace ce mai jiki, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Ta tuɓe takalmanta a ƙarƙashin tebur saboda kumburin ƙafa. Ta bangon ana jin injinan wanki suna gurnani.

"Zauna a waccan, ƙanena. Wannan ta saba da ni," ta ce. Ta haɗa masa shayi, ta zuba sukari ba tare da ta tambaye shi ba.

Ya yi mata bayani kamar mai ba da rahoton aiki. 'Yarsu ce, ita kaɗai Allah ya ba su. Tana shekarar farko a jami'a. Zazzaɓi ne ya kama ta, kafin a gane kansa ya zama wani abu dabam. An yi abin da za a iya. Sista ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, kuma ya lura da hakan, domin ita ce mutum ta farko da ba ta ce ba.

"Wace irin yarinya ce?"

"Mai hankali. Mai ladabi da natsuwa. Ba ruwanta da hayaniya."

"Me kuke ce mata a gida?"

"Rediyo."

Sista ta sa tabarau ta dube shi da kyau. "Mai natsuwa, ba ruwanta da hayaniya, kuma Rediyo. Batir ne babu?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"To, faɗa mini abu ɗaya da take yi da ke ba ka haushi."

Safiyo ya miƙe tsaye, ya gyara kujerar ta koma daidai inda ya same ta. "Sista, ban zo nan don in ci naman 'yata ba."

"Ƙofar ba ta da sakata. Yadda ka bar ta haka za ka same ta."

A falonsu akwai babban hoton yarinyar a bango. Hoton katin makaranta ne aka faɗaɗa, kuma a duk hotunanta shi kaɗai ne bakinta yake a rufe. Ba wanda ya zauna ya shirya a sauya ta. Masu zuwa gaisuwa ne suka fara. Abokan aikinsa da ba su taɓa ganinta ba suka ce ai yarinya ce mai kunya. Maƙwabciyar da ta sha ƙwanƙwasa musu bango saboda waƙar da take rerawa a banɗaki ta ce baiwar Allah, ko tarinta ba a ji. Kowa da niyyar alheri ya faɗa. Aka yi ta faɗa har matarsa ta ɗauka, shi ma ya ɗauka.

Matarsa malamar lissafi ce. Tun da abin ya faru ta daina cewa Rediyo, sai marigayiya. Shi ma ta daina ce masa Baban Rediyo, kuma ba ta sa wani suna a gurbin ba. Sai dai ta ce ga abinci, ko an kawo wuta. Kullum da safe tana goge gilashin hoton. Ɗakin yarinyar a rufe yake, ita kaɗai ke shiga, ta fito ba ta ce komai ba. Suna cin abinci ana jin ƙarar cokula. Ba faɗa suke yi ba. Da faɗan ne ma da ya fi.

Wata rana yana aiki a wani fili, rana ta take, ya ciro ƙaramin tef ɗin awo na ƙarfe daga aljihun jakarsa, wanda ya daɗe bai taɓa ba. Ya ja, sai tef ɗin ya tirje a wani wuri da ya lanƙwashe. Ya san lanƙwasar. Tun tana ƙarama Rediyo take sace masa shi, ta ja har ƙarshe ta saki don ta ji ya koma da gudu ya ce ƙwas. Ta girma ba ta bari ba. Ranar da ta lanƙwasa shi ya yi faɗa har ya manta ya ɗora ruwa a wuta. A tsaye cikin filin nan ya ji haushin ya taso masa sabo fil, ya kuma tuna abin da ta ce: ai tef ɗin ne ya ja kansa. Kalmomin suka zo, muryar ba ta zo ba. Amma rabonsa da ya matso kusa da ita haka tun ranar da aka ɗauke ta daga gidan.

Washegari ya ajiye tef ɗin a kan teburin Sista.

"Ta lalata mini kayan aiki," ya ce.

"Madalla. Sai me?"

Da farko da kyar yake fitar da su, kamar mai cire ƙaya. Ba ta rufe firij. Takan sa silifas ɗinsa ta bar ɗaya a kicin ɗaya a bakin ƙofa. Tana amsa tambaya kafin a gama yin ta, kuma rabin amsar ba daidai ba ne. In ana kallon labarai ita ce mai sharhi. In ya ɗauko ta daga makaranta, daga bakin get har gida ba ta haɗiye yawu, sai ya ji tarihin kowace ƙawa da saurayin kowace ƙawa. Ya taɓa tsayar da mota a gefen titi ya roƙe ta ta ba shi aron shiru, ta ce ba ta da shi, sai dai ya nema a wurin Mama.

A nan maganar ta sarƙe masa. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka yi ta rawa. Akwai kwalin takardar share hawaye a ɗakin, amma a can bayan buta yake. Sista ba ta miƙa masa ba. Ta zauna tana murza gwiwarta har ya gama.

"In na miƙa maka, ce maka na yi ya isa," ta ce. "Ni kuwa ban ga ya isa ba. Ga shi can in kana so."

Ya ɗauka da kansa. "Me ya sa kike yi wa mutane haka?"

"Don haƙuri kowa ya ba ka. Na tabbata kana da buhu-buhu a gida. Ya yi maka maganin kunnen?"

A zuwan da ya riƙa yi bayan nan ne ya san labarinta, gutsure-gutsure, domin ba ta ba da labari a jere. Nas ce ta ɗakin yara, a nan ƙafafunta suka lalace da tsayuwa. Ta ce ta iya fita baranda ta riƙe hannun uwa ta ce a yi haƙuri, ta iya har ba ta jin nauyin kalmar a bakinta. Mijinta direban motar haya ne. Ya faɗi wata safiya yana wanke mota, bai tashi ba. Mutane suka cika gida suna yabo. Mai sanyin hali. Mai sauƙin kai. Bai taɓa ɗaga murya ba.

"Ina zaune ina ji, na ce ikon Allah, ashe da baƙo na zauna ban sani ba. Hawaye ya ƙi zuwa. Wa zan yi wa kuka? Wannan waliyyin ban san shi ba. Har dangi suka fara kallona." Ta kurɓi shayi. "Sai ga bakanikensa, hannu duk baƙin mai. Ya durƙusa ya ce, Sista, Allah ya jiƙan maigida, amma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. A ce masa birki ne, ya ce taya ce. Matan da ke wurin suka yi masa caa. Ni kuwa sai ga mijina ya shigo ɗakin, da musunsa da komai. Ranar na yi kukan da har aka kira mini likita."

Bayan ta aurar da 'ya'yanta ta koma jami'a ta karanci aikin ba da shawara, tana zama aji ɗaya da yaran da ke ce mata Kaka suna neman ta ara musu biro. Da ta gama ta nemi a ba ta ɗaki, aka ba ta sito. Littattafan, in ji ta, sun koya mata sunayen abubuwa da lokacin da ya kamata ta kama bakinta. Sauran bakanike ne ya koya mata.

"Yabo likkafani ne na biyu, ƙanena. Na farko dole ne. Na biyun mu ke naɗa shi da hannunmu, har mu kasa gane wanda ke ciki. Ba wanda ke kewar mala'ika. Wanda ake kewa shi ne mai barin firij a buɗe."

Ba kowa take yi wa tambayar ba. Wanda rasuwar take ɗanya sharaf, zama kawai take yi da shi. Wanda ke ganin shi ne sanadi, ba ta taɓa tambayarsa laifin mamaci, domin nasa laifin ya riga ya cika ɗakin. Kuma takan yi kuskure. Wani uba ya taɓa kai ƙararta wurin shugaban asibiti, ta je ta ba shi haƙuri, kuma har yau, in ji ta, tana ganin mutumin ya fi ta gaskiya, ta yi masa gaggawa.

Safiyo, da yake mai awo ne, ya so ya san inda hanyar ta nufa. Ya ce shi a ganinsa ramin ba ya cikewa, sai dai a ƙara faɗin filin da ke kewaye da shi.

"Kai dai ka cika son taswira," ta katse shi. "Ni ban san inda za ka ba. Ba na warkar da kowa. 'Yarka aka ɓoye maka, ina taya ka nema, shi ke nan aikina." Ta jawo takalmi ɗaya da yatsan ƙafa, ta fasa sawa. "Kuma ni ban san Rediyo ba. Duk abin da ka faɗa mini sai dai in ce to. Akwai wadda ta san ta ciki da bai, ka bar ta da hoto kana kawo mini gulma nan."

"Ba za ta ɗauka ba, Sista. Hoton nan ne ke riƙe da ita. In na taɓa shi ban san abin da zai rage mini a gidan ba."

"Yanzu me ya rage maka?"

Ya dubi tef ɗin da ke hannunsa. Injin wanki ya gama juyi ya tsaya.

"Ban ce za ta ɗauka ba," Sista ta ce, muryarta ta sauka. "Kana iya rasa ɗan abin da ke tsakaninku. Wannan kai za ka auna, ba ni ba."

Ya daɗe yana aunawa. Ranar da ya yi maganar ranar hutu ce da safe. Matarsa na kan ƙaramar kujera tana goge gilashin hoton, shi yana zaune da kofin shayi.

"Ba ta taɓa rufe firij ba," ya ce.

Hannunta ya tsaya.

"Ko sau ɗaya. Kuma surutunta ya fi ƙarfin mutum. Wannan ta bangon ban san ta ba."

Ta sauko a hankali, ta ninke tsumman gida huɗu. "Ka ji tsoron Allah," ta ce. "Ƙasa ta rufe mata ido, ba ta da bakin kare kanta, shi ne za ka zauna kana ƙirga mata laifi. Wa ya koya maka wannan?"

Ta shige ciki. Ranar ba ta ce masa ga abinci ba, a kan tebur ya same shi a rufe. Haka washegari, haka ranar da ta biyo. Da dare takan juya masa baya. Ya fara gaya wa kansa cewa ya rushe katangar da ke tsaye don neman wadda ba ta nan. Bai koma wurin Sista ba a makon, domin yana jin haushinta.

Wata la'asar ya dawo daga aiki ya tarar da ƙofar ɗakin yarinyar a buɗe. Matarsa na zaune a teburin cin abinci. A gabanta ga kofunan shayi a jere, cikinsu ya bushe ya yi baƙi, wani har da cokali manne a ciki. Ya gane su. Su ne waɗanda suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta zarginsa da kai su ofis.

"A ƙarƙashin gadonta," ta ce, ba ta dube shi ba. "Tun makon farko na gan su. Kullum in na shiga sai na durƙusa na leƙa, in bar su."

Ya jawo kujera ya zauna.

"Na tambaye ta. A nan wurin na tsayar da ita na tambaye ta." Sai ta ɗaga haɓa, ta karkata kai gefe, ta buɗe ido yadda yarinyar ke yi in za ta shimfiɗa ƙarya, ta ce da sauri cikin siririyar murya mai hawa a ƙarshe: "Mama, ni wallahi ban gan su ba, ki tambayi mijinki."

Safiyo ya riƙe gefen tebur. Ita ce. Har da ɗan numfashin da take ja a tsakiyar magana don kada wani ya samu wurin shiga. Muryar ta cika falon, ta bi baranda, ta shiga kicin.

"Maƙaryaciya," matarsa ta ce. "Ƙazamiya. Baban Rediyo, dubi abin da ta yi mini da kofuna."

Ba su wanke su ba a ranar. Suka zauna har hasken taga ya ja baya, wannan ya kawo laifi, waccan ta kawo wanda ya fi shi, in ɗaya ya kasa ci gaba ɗayan ya jira.

Da ya koma ya gaya wa Sista, bai yi mata godiya ba. Ya ce yanzu abin ya fi ciwo. Da, gidan shiru ne kawai. Yanzu yana jin ta a mota, a bakin firij, a tsakiyar labarai, ya waiwaya babu kowa.

"E," ta ce. "Haka ne. Kana so a mayar da ita?"

"A'a."

"To sha shayinka."

Ƙafafun ne suka fara ajiye Sista, daga baya zuciya ta bi. Aka mayar da ɗakin sito. Safiyo ya ji labarin rasuwar a bakin likitan kunne, shi da matarsa suka je gaisuwa. Babban ɗanta na zaune a tsakar gida cikin mutane, idonsa a bushe, yana amsawa da kai. Ana ta cewa mace ce mai sanyin hali, ba ta taɓa faɗa wa kowa magana mai zafi ba.

Safiyo ya durƙusa a gabansa ya yi addu'a. Sannan ya rage murya. "Shayinta ba ya shawuwa don sukari," ya ce. "Kuma ba ta bari mutum ya kai ƙarshen magana."

Wani dattijo a gefe ya yi gyaran murya. Ɗan ya dubi Safiyo, ya daɗe yana dubansa, sai haɓarsa ta fara rawa. Ya kama hannunsa da hannu biyu bai saki ba.

A hanyar komawa matarsa ta jingina kai da gilashin mota. Daga kujerar baya, inda ba kowa, Rediyo ta fara ba da labarin wata ƙawarta, ba ta haɗiye yawu. Safiyo ya rage gudu, ya bi doguwar hanya.